Garmahon Baba: a gyara tsohon ne ko a sayi sabo?

Yau ba maganar sikirin ko batirin waya zan yi ba. Maganar garmaho na kawo, wato na'urar nan da ake ɗora faifai a kai allura ta bi ta fitar da sauti. Na san wani zai ce a wannan zamani waye ke ta garmaho? To ni ma haka na ce da farko, har sai da na lalata wa mahaifina wani faifai da hannuna. Idan akwai irin wannan na'ura a gidanku, ko kana tunanin sayen sabuwa saboda faifan da ka gada, ka daure ka karanta zuwa ƙarshe. Kuskuren da na yi ba sai kai ma ka yi shi ba.

Baba ya sayi garmahonsa a Kaduna a 1978, lokacin yana aiki a masaƙa. Ƙirar Japan ce, ƙasanta katako, farantinta na ƙarfe mai nauyi. Tun ina yaro a saman kabad na san ta, an lulluɓe ta da tsohon zane. A ƙarƙashin gado kuma akwai kwali mai faifai kusan arba'in: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, waƙoƙin fina-finan Indiya, da na Jim Reeves guda biyu. Bara da idon Baba ya yi rauni, ya daina karatu, ya daina kallon talabijin, sai zama ya yi masa yawa. Na cika masa memori da waƙoƙin Shata na saka a ƙaramar rediyo. Ya saurara kwana biyu, sai ya kira ni ya ce, "Kai, akwai wata a cikin kwalin nan da ban ji ta a nan ba." Na duba intanet sama da ƙasa, ban same ta ba. A faifan nan kawai take, aƙalla a inda hannuna zai kai.

Na sauko da garmahon na jona wuta. Inji yana ƙara a hankali, amma faranti ko motsi. Na kira yayana na gaya masa. Ya ce, "Kada ka ɓata lokacinka a kan tsohon ƙarfe, zan turo kuɗi ka sayi sabo." Ni ma abin ya kwanta min. A sana'armu ta waya mun saba da haka, wayar da ta shekara shida in ta samu matsalar bod, yawanci shawarar da muke ba mai ita ita ce ya haƙura ya sayi wata. Da wannan tunanin na yi oda ta intanet, aka kawo min irin mai kama da ƙaramin akwatin tafiya, da lasifika a jikinta, da Bluetooth, har da wurin saka filas. A ido dai ta yi kyau.

Ranar da ta iso na ɗauko faifan da Baba yake nema na ɗora. Sauti ya fito siriri kamar daga gwangwani, amma Baba ya gane waƙar, ya gyara zama. Ba a yi minti ɗaya ba allura ta yi tsalle. Na mayar, ta sake tsalle a wuri guda. Sai dabara ta zo min, irin dabarar da ba a tambayi kowa ba: na ɗauko tsohon kuɗin ƙarfe na naira ɗaya na ɗora a kan allurar na manne da salatif. Tsalle ya tsaya, na ji ni gwani. Sati biyu Baba yana jin wannan gefen faifan, safe da yamma. A sati na uku sai muryar ta fara shaƙewa, duk inda mawaƙin ya ɗaga murya sai ka ji kamar ana yaga takarda. Na goge faifan, babu canji. Na haska shi da fitilar waya, sai na ga layukan wajen sun yi fari-fari, ba baƙi mai sheƙi kamar ɗaya gefen ba.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kashe shi haka nan." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Washegari na ɗauki faifan da sabuwar na'urar na tafi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Ya ɗaga faifan ya kalli haske, ya kalli salatif ɗin da ban gama cirewa ba, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, noma ka yi a kansa ai." Shi ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko.

Sautin da ke cikin faifai ba komai ba ne illa lanƙwasa ƙanana a bangon wani siririn kwari da ya zagaye faifan daga baki zuwa tsakiya. Allura tana bin kwarin tana karkarwa, gidan allurar ya mayar da karkarwar wutar lantarki. Faifan roba ne. In allura ta danna da nauyin da ya wuce kima, ko bakinta ya cinye ya yi kaifi, sai ta riƙa aske waɗannan lanƙwasa. Abin da ta aske kuwa ya tafi har abada, ba kamar fayil a waya ba da za ka sake saukewa. Yawancin gidan allura mai maganaɗisu, irin wanda ke kan garmaho masu kyau, yana aiki ne da nauyin da bai wuce giram 1.5 zuwa 2.5 ba. Da na koma shago na ɗora allurar sabuwar na'urar a kan ƙaramin sikelin dijital, sai na ga giram 5 da 'yan kai ita kaɗai. Da kuɗin da na manna, ta haura giram 10. Kun ga inda aka haihu a ragaya.

Dalilin tsallen ma ba rashin nauyi ba ne. Faifan yana da dattin shekaru a cikin kwarin, ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, farantin na'urar ƙarami ne bai tallafe shi duka ba, ga lasifika a jiki ɗaya tana girgiza komai. Maganin shi ne wanke faifai. Ni kuma na ɗora masa kaya.

Dattijon ya ce in kawo tsohuwar ya gani. Da na kawo, ya juya farantin da yatsa, ya sake shi, muka tsaya muna kallo yana ta juyawa shiru ba ƙara. Ya kama hannun allurar ya ɗan jijjiga shi a hankali gaba da baya, babu lako-lako. Ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau. Bel ne ya mutu. Kai da kake gyaran abin da sai da madubi ake gani, wannan ne zai gagare ka?"

Ga abin da na yi, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaga tabarmar roba na cire farantin. Bel ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, ya manne a jikin faranti da kan ɗan ƙarfen da inji ke juyawa. Na goge shi tas da auduga da irin sinadarin alkohol da muke wanke bod da shi. Don sanin girman sabon bel, na zagaya zare ta hanyar da tsohon yake bi, na auna tsawon, na nemi wanda ya gaza haka kaɗan domin ya kama. In bel ya yi sako-sako faranti zai riƙa santsi, in ya matse da yawa zai wahalar da inji. Na ciro sandar tsakiya, na goge tsohon man da ya daskare, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu.

Sai gudu. Faifai iri uku ne: babban mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, ƙarami mai juyi 45, wanda RCA Victor ya fito da shi a 1949, da tsohon mai juyi 78 da ya riga su duka. A nan wayarka za ta yi maka amfani. Akwai manhajoji a Play Store da ke auna juyi da na'urar gane motsi da ke cikin waya. Ka rubuta RPM ka nema, ka ɗora wayar a kan faranti kusa da tsakiya, ka kunna. Tawa ta nuna 33.4, wanda kunne ba zai ji bambanci ba.

Allurar tsohuwar na saka ta a ƙarƙashin madubin da nake gyaran waya da shi. Sandarta ta karkace gefe, robar da ke riƙe ta ta bushe. Dokar da na koya ita ce: duk garmahon da ba ka san tarihin allurarsa ba, kada ka ɗora ta a kan faifan da kake so. Allurar lu'ulu'u ma awanni ɗari-ɗari take yi ta cinye, ba ta har abada ba ce. Tunda kan hannun irin mai sukurori biyu ne da tazarar rabin inci a tsakaninsu, wanda shi ne aka fi yi har yau, sai na sayi sabon gidan allura gaba ɗaya, Audio-Technica AT-VM95E, wanda aka tsara ya yi aiki a giram 2. Wayoyi huɗu ne sirara a bayansa: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Da hantsaki ake zura su, ba a sa musu dalma a jikin gidan allurar, zafin zai iya kashe shi. Na sauke takardar saita kusurwa daga intanet, na buga ta a ainihin girmanta, na daidaita gidan allurar da layukan kafin in ɗaure sukurorin.

Saita nauyi shi ne wurin da ya fi muhimmanci, kuma bai da wuya. A bayan hannun akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa. Ka mayar da maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili. Ka juya dunƙulen har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ka riƙe dunƙulen, ka juya zoben lambobin shi kaɗai zuwa sifili. Sannan ka juya duka biyun tare zuwa 2. Maɓallin hana zamewa shi ma ka kai shi 2. Ni na ƙara tabbatarwa da sikeli, tunda na riga na ƙone sau ɗaya.

Da na gama na jona ta a bayan wufar ɗakinmu, sai na ji sauti can ƙasa kamar sauro, babu nauyi ko kaɗan. Na ɗauka na ɓata wani abu. Ashe ba haka ba ne. Wutar da gidan allura mai maganaɗisu ke fitarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, 'yan milibolt ne, ba ta kai ko kusa da wadda waya ko DVD ke fitarwa ba. Bayan haka, tun wajen yanka faifai ake rage ƙananan sautuka masu nauyi a ƙara masu kaifi, bisa wani ma'auni da ake kira RIAA, don haka dole a sami abin da zai mayar da su daidai. Tsofaffin amfilifaya suna da rami na musamman da aka rubuta PHONO, a cikinsa ake wannan aiki. Wufar zamani ba ta da shi. Magani shi ne ƙaramin akwatin da ake kira firi-am na garmaho, ka sa shi tsakanin garmaho da wufa. Akwai kuma siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da ja da fari, ita ce ta at. In ba ka ɗaure ta a sukurun da ke jikin firi-am ba, za ka yi ta jin "huuum" a ƙarƙashin waƙa.

Kafin in ɗora kowane faifai, sai da na wanke su. Ruwan da aka tace da tururi, ɗigon sabulun wanke kwanuka guda ɗaya, da tsumma mai laushi, ina bin zagayen kwarin, ina kiyaye takardar tsakiya. Na ɗauraye, na jingine su a inuwa suka bushe. Gargaɗi a nan: in kana da faifai masu juyi 78, waɗannan masu nauyi da ke fashewa kamar tangaran, kada alkohol ya taɓa su, yana narkar da abin da aka yi su da shi. Kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai ta ɗakin Baba. Na ɗora ɗaya gefen faifan nan, wanda ban taɓa ba. Kalangu ya fito da nauyinsa, 'yan amshi a bayansa, kowa a wurinsa. Baba ya yi shiru har gefen ya ƙare, sannan ya ce, "Haka take." Ya ce in juya. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wancan gefen ka san yadda ya zama." Ya ce in juya dai. Da sabuwar allura ya ɗan fi daɗin ji, amma shaƙewar tana nan, kuma tana nan har gobe. Duk lokacin da aka zo wurin, ni na san aikina ne.

Da na yi lissafi, bel da gidan allura da firi-am gaba ɗaya sun ɗan haura kuɗin akwatin da na fara saya. Amma sabon garmaho da zai yi daidai da na Baba a nauyin faranti da kyawun hannu, kuɗinsa ya ninka abin da na kashe. Nan ne tunanina na mai gyaran waya ya yaudare ni. Waya tana tsufa ne saboda manhaja ta wuce ta, batiri ya gaji, kamfani ya daina sabunta ta. Garmaho kuwa aikinsa bai canja ba: ya juya faifai a gudu ɗaya, ya riƙe allura da sauƙi. Abubuwan da ke mutuwa a jikinsa, bel da allura da mai, duk an yi su ne don a riƙa canjawa.

Amma kada wani ya ɗauka cewa kullum tsoho ne ya fi. Ga yadda nake duba wa mutane yanzu in sun tambaye ni.

Ka gyara tsohon in faranti yana juyawa shiru ba ya rawa sama da ƙasa, hannu yana tafiya ba tare da cijewa ko lako-lako ba, inji yana tashi, akwai dunƙulen saita nauyi, kuma ana iya cire gidan allura a sa wani. In waɗannan sun cika, sauran duk ƙananan abu ne.

Ka haƙura da shi in sandar tsakiya ta lanƙwashe, ko hannu ya karye ko ya yi sako-sako a gindinsa, ko inji ya ƙone. Haka irin na roba marasa nauyi da aka haɗa a saman rediyo mai kaset, waɗannan tun suna sababbi ba su da wani kirki. Akwai kuma waɗanda ba su da bel, inji ne kai tsaye a ƙarƙashin faranti, kamar Technics SL-1200 da aka fara yi a 1972. Suna da ƙarko sosai, amma in matsala ta shiga bod ɗinsu sai wanda ya san aikin lantarki.

Masu sayen na gwanjo, ku kula da abu biyu. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Ka karanta rubutun bayan na'ura kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Na biyu ya fi ɓoyuwa: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Tsofaffin garmaho da yawa injinsu da wannan bugun yake daidaita gudunsa. In ka kawo na Amurka irin wannan, ko ka sa masa taransifoma mai rage wuta, maimakon 33 da sulusi zai riƙa yin kusan 28, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Sai an canja ɗan ƙarfen da bel ke hawa a kai. Wannan dalilin ne ma ya sa na Baba yake rawar murya in an tayar da ƙaramin janareta, domin bugun wutarsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mu dai sai an kawo wuta muke kunnawa.

In kuma sabon za ka saya, ba laifi, musamman ga wanda ba ya son kwance-kwance. Sababbi masu kyau suna zuwa da firi-am a ciki, wasu da USB. Misali AT-LP60X yana ɗora allura ya ɗauke da kansa, ya dace da dattijon da idonsa ko hannunsa ya yi rauni, duk da ba a saita nauyinsa. AT-LP120XUSB yana da dunƙulen saita nauyi, yana juya 33 da 45 da 78. Abin da za ka tambaya kafin ka biya: gidan allurar mai maganaɗisu ne? Ana samun allurar canji? Giram nawa take dannawa? In mai sayarwa bai da amsa, kuma lasifika a jikin akwatin take, ka riƙe kuɗinka, ko aƙalla kada ka ɗora mata faifan da ba za ka iya samun wani ba.

Abu na ƙarshe da na yi, wanda da shi ya kamata in fara, shi ne kwafe faifan. Na sami ƙaramin katin sauti na USB mai karɓar ja da fari, na jona shi daga firi-am zuwa kwamfuta, na naɗa da Audacity, manhaja ce kyauta. Da wayar OTG ana iya yi da waya ma, in manhajar naɗin tana karɓar sauti daga USB. Na adana a WAV, na yi wa Baba MP3 a memorinsa, na tura wa yayana nasa ta WhatsApp. Faifan kuma na jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da rana, kowanne a rigarsa, na rufe garmahon saboda ƙurar hunturu.

Yayana da ya zo hutun sallah ya zauna ya ji, ya tambaye ni ina sabuwar da ya biya kuɗinta. Na nuna masa saman kabad, inda tsohuwar ta yi shekaru. Har zanen ma shi na lulluɓa mata. Baba kuwa yanzu duk yamma in akwai wuta sai ya aiko a kira ni daga shago, domin ya ce ba ya yarda kowa ya sauke allurar sai ni. Ni da na lalata masa faifai. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, zuwa kawai nake yi in wanke hannu in ɗora.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.